Me ya sa amfilifayar jita take zabura tun daga lamba 2, daga 5 zuwa 10 kuma kamar ba a taɓa ta ba?

Tambaya: Malam, ina da amfilifayar jita mai bawul (kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sigina), wat 40. In Volume yana kan 1 da ƙyar ake jin ta, da na kai shi 2 sai ta cika ɗaki. Daga 5 zuwa 10 kuma ƙarar ba ta ƙaruwa, sai gurnani. Ga shi in na rage sautin ya sirance ya yi kaifi, in na ɗaga ya yi duhu. Ta lalace ne, ko akwai abin da za a canza?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya a ce ta lalace. Duk abin da ka lissafa halin kwantirol ɗin da ke bayan mamurɗin ne, da kuma wurin da aka dasa shi a cikin amfilifayar. Lambobin da ke kewaye da mamurɗi ba ma'aunin ƙara ba ne. Fenti ne kawai da ke nuna maka inda ka murɗa ka tsaya.

In ka ɓare kwantirol za ka tarar da layin kabon mai siffar takalmin doki, da ɗan harshen ƙarfe da ke goga a kansa, da ƙafafu uku. Ƙafa ɗaya sigina ke shiga ta nan, ɗaya tana haɗe da layin ƙasa, wato jikin ƙarfen amfilifayar, ta tsakiya kuma ita ce harshen, ta nan siginar ke fita zuwa bawul na gaba. Zagayen gaba ɗaya bai wuce digiri 300 ba. Abin da ya raba wani kwantirol da wani shi ne yadda aka shimfiɗa kabon ɗin. Akwai wanda turjiyarsa, wato yadda kabon ke tare wa sigina hanya, ke hawa bai ɗaya: ka kai rabin zagaye, ka sami rabin turjiya. Shi ne yawanci ake rubuta wa B, kamar B1M ko B250K, inda lambar ke nuna jimillar turjiyar, K dubu, M miliyan. Akwai mai lanƙwasa, wanda ake rubuta wa A: a rabin zagaye kashi 10 cikin ɗari kawai yake saki, wasu 15, wasu 20, wasu har 30, ragowar duka yana can a rabin sama. Na uku shi ne C, kishiyar A, wanda yake sakin mafi yawa tun da wuri. Kada ka dogara da harafin ɗari bisa ɗari, domin a tsofaffin kayan Turai akwai inda aka juya ma'anar A da B. Mita ce take raba gardama.

Dalilin da ya sa ake ƙera A shi ne kunne. Kunnen mutum ninki yake ji, ba tarawa ba. Sai an ƙara kusan desibel 10, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙara, kafin ya ce ƙara ta ninka biyu. In ka raba ƙarfin sigina biyu, desibel 6 kawai ka rage. In ka bar kashi 10 cikin ɗari, ka rage desibel 20. To ɗauki kwantirol B a matsayin Volume mai lamba 0 zuwa 10. Daga 10 zuwa 5, rabin zagaye ke nan, desibel 6 ne kacal, abin da kunne zai ce an ɗan taɓa. Daga 5 zuwa 1 desibel 14. Duk sauran tazarar, daga nan har shiru, an cusa ta tsakanin 1 da 0. Shi kuwa A mai kashi 10, lamba 5 ɗinsa daidai take da lamba 1 ta B, saboda haka yankin da ya matse a B ya sami rabin zagaye sukutum.

Ƙara wannan a kan wat 40 ɗinka. Lasifikar jita mai inci 12 tana ba da desibel 97 zuwa 100 da wat 1 kacal, a nisan mita ɗaya, kuma wannan ya riga ya fi ƙarfin ɗaki. Ƙarar da za ka yi atisaye da ita cikin dare ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wat ba, wato desibel 25 zuwa 30 ƙasa da iyakar amfilifayar, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na siginar. A kwantirol B kashi 3 digiri 9 ne na murɗawa, motsin da bai fi rawar yatsa ba. A kwantirol A mai kashi 10, wannan kashi 3 ɗin yana kusa da digiri 45. Zaburar da kake ji ke nan. Kamar totur ɗin babur ne da aka ɗaure ya yi tsauri: da an taɓa ya yi tsalle, amma injin bai ƙara girma ba. A shago irin wannan amfilifayar takan burge mai saye, ya ce a kan 2 ma ga abin da take yi, ina ga an kai 10, alhali a 4 ko 5 ta riga ta zazzage duk abin da ke cikinta.

Wannan ne amsar sashe na biyu na tambayarka. Yawancin amfilifayoyin bawul an ba su rarar ƙarfin sigina don su iya da jita mai raunin fikof, wato abin da ke ɗauko sautin kirtani ya mai da shi sigina. Da zarar manyan bawuloli sun kai iyakar abin da wutarsu za ta iya bayarwa, ƙarin murɗawa ba ya ƙara tsawon siginar, sai dai ya datse mata kai. Datsewar ita ce gurnanin, kuma tana zuwa da matsewa: bugu mai ƙarfi da mai taushi su kusa zama ɗaya, sauti ya daɗe bai mutu ba. Daga 5 zuwa 10 mamurɗin ya tashi daga aikin ƙara ya koma aikin gurnani. Masu son wannan sautin shi suke biya.

Saura batun kaifi da duhu, kuma nan ne ake yawan ruɗewa. Irin lanƙwasar kwantirol ita kaɗai ba ta canza sauti. In ka ɗauki A1M da B1M ka tsayar da harshen kowanne a inda turjiyar sama 900k ce ta ƙasa 100k, amfilifaya ba ta san bambancinsu ba, sai dai ɗaya yana nuna 5 ɗaya yana nuna 1. Abin da ke canza sauti shi ne inda harshen ya tsaya, kuma ta hanya biyu yake yi.

Ta farko, harshen yana kallon turjiyar sama da ta ƙasa a haɗe, kuma wannan haɗin ya fi girma daidai lokacin da suka zo ɗaya: kwantirol 1M yana nuna kusan 250k a nan. Bawul 12AX7 da ke gaba kuma yana da tasa ɓoyayyiyar kafasita, wato ma'ajiyar caji da sauti mai kaifi ke ratsawa cikin sauƙi, a ƙofar shiga, wajen 100pF in yana aiki, ban da ta wayoyi. Turjiya 250k da 100pF tace ce mai yanke kaifi daga wajen 6.4kHz, in wayoyin suka kai ta 150pF yankan ya sauko kusa da 4kHz, inda kunne ke ji sarai. Wurin da ya fi duhu a kwantirol B yana kan 5, a kwantirol A yana wajen 7 zuwa 8. Da ka ƙure zuwa 10 turjiyar sama ta ɓace, kaifin ya dawo.

Ta biyu ita ce 'yar kafasitar da masu ƙera suke ɗaurawa tsakanin ƙafar shiga da ta tsakiya don maganin wancan duhun. Ita tana ba sauti mai kaifi hanyar tsallake turjiyar sama. A Fender Twin Reverb na shekarun 1960 ita ce 120pF da ke kan makunnin Bright, a Deluxe Reverb 47pF ce da aka liƙe ta dindindin a tashar Vibrato, a Marshall JCM800 samfurin 2203 kuwa 1000pF ce a kan Pre-Amp Volume. Yi lissafin da harshe a kashi 10: 120pF tana fara ɗaga sauti daga wajen 1.5kHz, wato ƙyalli kawai take ƙarawa. Amma 1000pF tun daga wajen 180Hz take farawa, ta kai ƙololuwa kafin 2kHz, saboda haka kusan duk tsakiyar sautin ta tsallake, kaurin ne kawai aka bari a baya. Shi ya sa JCM800 take yin siririn sauti mai cizo in Pre-Amp yana ƙasa, ta cika ta yi jiki in an ɗaga shi. A lamba 10 kuwa ƙafafun biyu sun haɗe, kafasitar ba ta da sauran aiki, ka kunna Bright ko ka kashe duk ɗaya. Sirancewar da kake ji a kan 1 da 2 kusan tabbas wannan ce, kuma zaburar kwantirol ɗin ce ta tilasta maka zama a daidai inda kafasitar ta fi ƙarfi. Matsalolin biyu tushensu ɗaya.

Tunda an zo nan, Treble, Middle da Bass ma suna da nasu halin, kuma su ne suka fi yaudarar mutane. A tsarin da Fender da Marshall suka gada daga Bassman 5F6-A ta ƙarshen shekarun 1950, wadda Marshall ta kwaikwaya a JTM45 ta 1962, mamurɗan ukun ba sa ƙara komai. Ragewa kawai suke yi, kuma a jere suke a sarƙe da juna, ka taɓa ɗaya ka motsa sauran. Saka su duka a kan 5 ba ya ba ka sauti miƙaƙƙe. Rami yake ba ka a tsakiya, wajen 400 zuwa 500Hz a Fender, sama da haka kaɗan kuma marar zurfi a Marshall. In kana son abin da ya fi kusa da miƙaƙƙe, sai ka ƙure Middle ka sauke Treble da Bass kusa da ƙasa. A Twin Reverb in ka mai da ukun sifiri sautin ɗaukewa yake yi gaba ɗaya, ko da Volume yana sama. Deluxe Reverb ba ta da mamurɗin Middle, rasista 6.8k, wato turjiya tsayayya da ba a murɗawa, aka sa a gurbinsa, don haka ita ba ta yin shiru ɗungurungum.

Bass ne ya fi nuna amfanin lanƙwasa. A Twin Reverb kwantirol ɗin Bass 250k ne, yana zaune a kan Middle mai 10k, sama da su kuma akwai rasista 100k. A lissafin sama-sama, daga sifiri zuwa 25k kaurin yana hawa desibel 9 zuwa 10, daga 25k zuwa 250k ma kusan hakan. Kwantirol A mai kashi 10 yana kai 25k a daidai lamba 5, ya raba aikin gida biyu daidai wa daida. In mai gyara ya rasa A250K ya liƙa B250K, 25k ɗin nan a lamba 1 za ta faɗo. Mai amfilifaya ya mai da Bass kan 5 yadda ya saba, ya ji sauti ya yi taɓo, ya ce an ɓata masa kaya ko an sace masa kafasita. Harafi ɗaya ne ya canza. A Marshall kuwa Bass 1M ne mai lanƙwasa, Treble 220k ko 250k da Middle 22k ko 25k masu tafiya bai ɗaya, kuma rasistar sama 33k ce a samfuran baya, abin da ya sa ba ta asarar sigina kamar Fender kuma mamurɗanta ba sa kai nisan na Fender.

Wurin da aka dasa su ma yana da tasiri kamar ƙimarsu. A Marshall suna bayan matakan da ke haifar da gurnanin farko, saboda haka gyaran fuska suke yi wa abin da ya riga ya datse. A Fender na shekarun 1960 da jerin Mark na Mesa/Boogie suna gaba, su ne suke zaɓar abin da za a datse. Kirtanin jita mafi kauri yana kan 82Hz kuma shi ya fi kowanne ƙarfin lilo. In ka tura shi da yawa cikin bawul mai gurnani, sai kafasitar da ke haɗa matakai ta cika da caji, bawul ya toshe na ɗan lokaci, ka ji sauti yana kumfa yana tusa. Masu Mark sun san wannan, shi ya sa suke barin Bass a 2 ko 3, su dawo da kaurin daga baya da silaidar 80Hz. Ƙa'idar da za ka riƙe: duk sanda Gain, wato mamurɗin gurnani, ya hau, Bass ɗin da ke gabansa ya sauka.

Presence ba ya cikin wannan sarƙar. Yana kan layin da ke dawo da ɗan sigina daga tiransifomar fita don ladabtar da manyan bawuloli, aikinsa shi ne ya cire kaifi daga abin da ake dawowa da shi, sai kaifin ya fita ba birki. A tsohon tsarin 5k da 0.1µF akwai ɗan wutar DC a kan kwantirol ɗin, don haka ƙarar ƙaiƙayi in ana murɗa shi ba alamar lalacewa ba ce. Vox AC30 ba ta da wannan layin, sai Cut, wanda yake tafiya a juye: kana ɗagawa kaifi na raguwa. Tweed Deluxe 5E3 kuma wani bahagon tsari gare ta, siginar ta harshen kwantirol take shiga, shi ya sa take zabura tun da wuri duk da kwantirol ɗinta A ne, kuma Volume na tashar da ba ka soka waya ba yana canza sautin wadda kake ciki. Na kawo ta ne don kada ka ɗauka kowace zabura laifin B ce.

To me za ka yi? Fara da abin da ba ya buƙatar dalma. In akwai ƙofar shiga ta biyu, mai lamba 2 ko Low, soka jitar a nan: rasista biyu masu 68k suna raba siginar biyu, desibel 6, kuma suna ɗan danne kaifin fikof, wanda a halinka riba ce. In akwai makunnin Bright, kashe shi in kana ƙasa da 3. In akwai ramukan Send da Return a baya, inda sigina ke fita ta dawo, kwantirol A guda a ƙaramin akwati tsakaninsu zai zame maka Master, wato mamurɗin ƙara na ƙarshe, ka kai Volume 4 inda kafasitar kaifi ta lafa, ka rage ƙarar daga can. Amma wannan akwatin kada ya kuskura ya shiga tsakanin amfilifaya da lasifika. Kwantirol rabin wat yake ɗauka ko ƙasa da haka, zai ƙone nan take, kuma amfilifayar bawul da ta rasa lasifika tana iya kashe tiransifomar fita, wadda ta fi komai tsada a cikinta. Haka nan kana iya zare 12AX7 na farko, mai ninki 100, ka sa 5751 mai 70 ko 12AY7 mai kusan 40. Ƙafafunsu ɗaya ne, kuma mamurɗin zai sami sarari.

In sai an buɗe, a auna kafin a sayi komai. A zare filogi daga bango. Manyan kafasitocin wuta suna riƙe bolt 400 zuwa 500 ko bayan an kashe, kuma suna kisa. A sauke cajinsu ta rasista kamar 100k mai wat 5, a tabbatar da mita cewa sun sauka ƙasa da bolt 10, in kuma ba ka taɓa yi ba ka kai wa wanda ya saba. A cire wayoyin ƙafar shiga da ta tsakiya, don sauran kayan da ke kewaye kada su ruɗa awon. A auna ƙafafun gefe biyu, a sami ƙimar gaba ɗaya. A kai mamurɗi daidai rabin zagaye, a auna daga ƙafar ƙasa zuwa ta tsakiya. Rabi, B ne. Kashi 10 zuwa 30, A ne. Kashi 70 zuwa 90, ko C ne ko kuma A ne da aka juya wa wayoyin gefe, kuskuren gyara da ke sa mamurɗin ya yi tafiya a juye, kuma zaburarsa ta fi ta B muni. Sannan a murɗa a hankali ana kallon mita. Yawancin kwantirol A na kasuwa ba lanƙwasa ta gaskiya gare su ba, miƙaƙƙun layuka biyu ne aka haɗa, don haka za ka ga gwiwa wajen tsakiya inda lambobi suka fara gudu. Wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne mita ta yi tsalle daga kusan sifiri zuwa dubbai a farkon zagaye, ko ta ɗauke ta dawo: kabon ya cinye a inda aka fi zama, kuma sabo ne maganinsa.

In B ne, a sa A mai ƙima ɗaya. Ƙimar kada a taɓa ta. Sa 250k a gurbin 1M yana danne bawul ɗin baya, ya rage sigina da kauri, a sashen Treble da Bass kuma ya kawar da ramin tsakiya daga inda yake. In A ne mai kashi 30, irin wanda ake samu a wasu tsofaffin Fender, a nemi mai kashi 10 ko 15. A duba jiki ma: faɗin 16mm ne ko 24mm, sandar mai santsi ce ta 6.35mm ko mai tsaga ta 6mm, na liƙawa a allo ne ko na waya. Kwantirol C a bar shi inda aka tarar da shi, kamar Speed na Fender mai 3M, mamurɗin saurin rawar sauti, domin can ana rage turjiya ne yayin ɗagawa.

Akwai dabarar wucin gadi in A bai samu ba: rasista tsakanin ƙafar tsakiya da ta ƙasa ta kwantirol B. A kan 1M, 220k tana sauke rabin zagaye daga kashi 50 zuwa 23, 100k kuma zuwa 14. Kuɗinta shi ne a lamba 10 bawul ɗin baya 180k yake gani maimakon 1M, in 220k aka sa. Da kafasitar haɗi 0.022µF ba za ka ji komai ba, amma da 0.0022µF yankan kauri zai tashi daga 72Hz zuwa sama da 300Hz, sautin ya rame in ka ɗaga mamurɗin. Kuma a can ƙasa sosai, inda matsalarka take, dabarar ba ta taimakawa kamar A na gaskiya. Ni ban cika son ta a Volume ba. Kafasitar kaifin kuwa, in bayan canjin har yanzu tana cizo, a ɗaga ƙafarta ɗaya a saurara, ko a rage ƙimarta zuwa rabi, ko a jera mata rasista 100k zuwa 220k don a taƙaita ta.

Ƙaiƙayi yayin murɗawa iri biyu ne. Na ƙura, wanda hunturu ke ƙara wa kayan da ake fita da su wajen biki, yana tafiya da feshin wanke kwantirol mai ɗan maiƙo da murɗawa sau ashirin ko talatin. Man injin da fetur ba sa cikin lissafi, suna jawo ƙura su ci kabon. Wanda ya ƙi tafiya, ko ya dawo a sabon kwantirol, a auna DC a ƙafar shiga ta kwantirol ɗin, amfilifaya na kunne, da hannu ɗaya da taka-tsantsan. Ya kamata ya zama kusan sifiri, in ba haka ba kafasitar haɗi ce take yoyo, ita za a canza.

Game da kwafar lambobin wani mai jita kuma, kwantirol na yau da kullum yana da sassaucin kashi 20 sama ko ƙasa, 250k tana iya zama 200k ko 300k, gwiwar A tana iya faɗawa ko'ina kusa da tsakiya, mamurɗin kansa ma yakan zame a kan sandarsa. Amfilifaya biyu samfuri ɗaya ba sa haɗuwa a lamba 6. Abin da ya fi shi ne ka daki kirtani a buɗe, ka murɗa mamurɗi ɗaya daga ƙasa zuwa sama a hankali, ka gano inda sauti ya fi saurin canzawa, ka fara daidaitawa daga nan. Ka yi shi a ƙarar da za ka yi wasa da ita, domin kunne ba ya jin kauri sosai a ƙaramar ƙara, kuma Bass ɗin da ya yi daɗi a ɗaki taɓo zai zama a fili.